Shekarar da Ruwa Ya Ci Ɗakin Tantabaruna

Yau da la'asar ruwa ya sauka a Ainu Shams, unguwarmu a Alƙahira, cikin azumi, cikin sanyi. Ina zaune a bakin ƙofa da bargo a kafaɗa sai na ji ƙas-ƙas a kan kwano. Kafin in lalubo takalmina, muryar matata Lami ta iso daga wajen girki: "Malam, ka rufe ɗakin tantabarun, ko sai ya narke?"

Ɗakin na yanzu na katako ne, rufinsa kwano, kafinta ne ya yi shi. Ko kogin Nilu aka juye masa ba zai narke ba, kuma ta sani. Amma shekara talatin da wani abu ke nan, duk ranar da aka yi yayyafi a garin nan sai ta yi min wannan tambayar. To, tunda azumi ya zagayo ya sake faɗowa cikin sanyi kamar na waccan shekarar, bari in rubuta yadda abin ya faru da hannuna, kafin jikoki su haddace nata.

Sunana Sule, daga wajen Kazaure. A unguwar nan Shehi Sulaiman ake ce min, kuma ina amsawa, don ba ni na roƙa ba. Karatu ya kawo ni Masar. Na yi shekaru ina kokawa da nahawu, ni ban kayar da shi ba, shi kuwa ya kayar da ni a gaban jama'a har aka yanke ɗan tallafin da nake samu. Lokacin da na je gida aka ɗaura mana aure da Lami, ɗalibi ne ni, da littafi a hammata. Kafin takardunta su fito ta iso, na koma mai guga a wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa. Ba ƙarya na yi mata ba. Labarin ne ya canja a hanya.

Ɗaki ɗaya muke haya a can saman bene, a gidan wata gwauruwa Bamisriya, Ummu Sabri. Lami ta taso a gida mai tsakar gida, da awaki, da turmi, da mata masu shigowa ba sallama sai sun zauna. Nan kuwa daga ita sai tankin ruwa da igiyar shanya. Larabcinta bai wuce "tamam" da "ma'alish" ba, wato "to" da "yi haƙuri", su ma tana musanya su. In na dawo da yamma sai in tarar da ita a jikin katanga tana kallon rufin gidaje, har inda ido ya ƙare babu itace ko ɗaya. Ta rame. Ta daina yi min faɗa, wanda shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

Sai saƙo ya zo cewa kawunta zai biyo ta Masar bayan Sallah a hanyarsa ta dawowa daga Umra. Ranar ta ce min, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, in Kawu ya zo zan bi shi."

Na yi wa'azi. Na jawo duk abin da na tsira da shi daga makaranta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce a gidan kakarta akwai tantabaru, kuma kowa ya san tantabara ba ta zama a gidan da ba albarka. "Ka kawo su. In sun kai Sallah a saman nan, na zauna. In sun tashi, kada ka ƙara ce min komai."

Washegari na dawo da guda huɗu a keji, biyu maza biyu mata. Na zauna zan fige musu gashin fiffike yadda muke yi a gida don su saba da wuri, sai ta riƙe min hannu.

"Ba figa."

"Haba Lami, ai haka ake yi."

"Wanda aka fige wa fiffike ba zama ya yi ba, rasa yadda zai yi ya yi. Ka bar musu abinsu."

Na bar musu. A cikinsu akwai wani namiji mai ruwan toka da baƙin wuya, in na miƙa masa tsaba sai ya juya min ƙeya. Na sa masa suna Nahawu.

Yanzu ga inda nake son masu adalci su saurara da kyau. Mutanen Masar da katako suke wa tantabaru ɗaki. Maƙwabcinmu Ammu Fathi yana da wata hasumiyar katako a saman gidansa, doguwa, har tana rangaji in an yi iska. Ni ba ni da halin katako. Amma ni ɗan magini ne, na san ƙasa. Kuma duk ɗan da aka haifa a ƙasar Hausa ya san lokacin gini: in kaka ta wuce, sanyi ya shigo, sama ta rufe bakinta sai wata shekara. Ruwa bayan zafi yake zuwa. Sai an yi gumi, an kasa barci, sannan hadari ya haɗu. Wannan ba ra'ayina ba ne, haka aka tsara duniya.

Don haka da sanyi ya kama, na fara jido baƙar ƙasa daga bakin wata magudanar gonaki a bayan gari, buhu-buhu a ka, ina hawa bene da ita bayan an tashi daga aiki. Na tsinto fasassun tuluna. Babu ciyawar ramno ta kwaɓa ƙasa a Masar, sai na roƙi ƙaiƙayi wajen mai keken jaki. Ni na kwaɓa da ƙafa, Lami tana miƙo min curi. Ƙasar sanyi kamar ƙanƙara, ƙafafuna suka tsattsage, amma ranar na fara jin ta tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ta gyara min zaman wani tulu, ta ce bakinsa ya kalli gabas, kuma wai ginin babanta ya fi nawa miƙewa. Na ce alhamdulillahi, faɗa ya dawo.

Ummu Sabri ta hawo tana haki, ta riƙe ƙugu ta daɗe tana kallo.

"Ya Shehi, mene ne wannan? Tanda?"

"Ɗakin tantabaru ne, ya Hajja. Irin na ƙasarmu."

"Mu ma a ƙauye da laka muke yi. Amma da zafi ake ginawa, ya bushe ya yi ƙarfi. Yanzu ruwa na hanya, ya ibni. Ka samo leda ka rufe."

Na yi murmushi irin na wanda ya taɓa shiga jami'a. Na ce in zafi ya zo zan rufe. Gaskiya ne na taɓa ganin yayyafi da sanyi a shekarun da na yi a garin, amma na ɗauke shi kuskure, irin wanda ba a maimaitawa. Ta ɗaga hannu sama ta ce wani abu da ban fassara wa Lami ba.

Azumi ya kama. Ku 'yan makarantar yanzu da kuke da na'urar ɗumama ɗaki, kuna latsa waya a kawo muku abinci har ƙofa, ba zan ce ba ku san sanyi ba, don kada ku daina gaishe ni. Amma na waccan shekarar daban ne. Tayil ɗin ɗakinmu in ka taka shi da asuba sai ka ji har haƙori. Ruwan famfo kamar ana yanka da reza, alwala sai da niyya biyu. Bargonmu ɗaya, risho ɗaya, shi ne murhu shi ne wutar jin ɗumi, kananzir kuwa ana auna shi kamar turare. Sahur wake ne da gurasar jiya da aka ɗumama a kan risho, sai shayi baƙi. Azumin sanyi ba ƙishirwa, amma yunwarsa tana da haƙora. Kafin azahar cikinka ya manne da baya, sanyin kuma ya sami wurin zama a tsakani.

Aiki ma ya ja baya, don mutane suna sa riga ɗaya a ƙarƙashin kwat mako guda ba wanda ya gani. Duk da haka ni kaɗai ne a Alƙahira nake zuwa aiki da murna, saboda dutsen guga. In mai shagon ya juya baya sai in ɗora tafin hannu a kan rigar da na gama gogewa. Daga shago in bi layin gurasa, in tsaya a cikin turereniya har a miƙo min rabona ta taga, in sa ta cikin riga tana ɗumama min ƙirji. Daga nan in biya wajen mai sayar da hatsi, ya bar ni in share ƙasan buhunansa. Abin da na sharo, masara da fasasshen wake da dawa da tsakuwa, Lami ta sheƙe ta tsince. Mai kyau na tantabaru. Wani lokaci in kalli kwanonsu in kalli namu, in ga kamar sun fi mu sa'a.

La'asar ita ce lokacinmu. In buɗe musu, su tashi su zagaya saman unguwa, ni kuma ina tsaye da tsohuwar jallabiyata ruwan ƙasa da hular sanyi, ina fito ina kaɗa gwangwanin tsaba har su sauko. Da wannan rigar suka san ni. A daidai lokacin Ammu Fathi ma yake sakin nasa, garke guda, yana kaɗa musu tuta. Al'adar masu tantabaru a nan, duk wadda ta bi garken wani ta sauka a hasumiyarsa, ta zama tasa, ba shari'a ba rigima. Kullum sai gabana ya faɗi, kullum kuma nawa su dawo. Lami ma takan fito. Tana tsaye a bakin ƙofa da ludayin miyar adas, ƙananan waken nan na Masar, a hannu, tana ƙirga su da ido. Sai a buga igwar shan ruwa a rediyon Ummu Sabri, mu shiga.

Matar Nahawu ta yi ƙwai biyu a tulun da ke kallon gabas, ta kwanta, suka ƙyanƙyashe. 'Yan shila biyu, munana, tsirara, sai baki. Na fara tafiya a unguwa ina buɗa kafaɗa. Abu ɗaya ne na ƙi kallo: ginin bai taɓa bushewa ba. Kullum da safe raɓa ta jiƙa shi, rana ta fito ba ƙarfi, in ka danna yatsa sai ya shiga.

A goman tsakiya, wata rana bayan azahar, ina shago sai gari ya yi duhu. Ba tsawa, ba iskar da ke kai gaba, ba ƙamshin ƙasa, ba ko ɗaya daga cikin sallamar da ruwan kirki yake yi kafin ya shigo. Kawai ya fara zuba, siriri, mai sanyi, ya ƙi tsayawa. Titi ya zama kunu. Na ajiye dutsen guga na fita da gudu, takalmina ɗaya ya tsaya a taɓo, har yau yana can.

Na iske ɗakin tantabaruna ya durƙusa kamar raƙumi. Baƙin ruwa yana bin matakala yana sauka har ƙofar Ummu Sabri, don benayen nan ba su san indararo ba. Tulunan sun gangaro sun ƙara fashewa. Lami tana tsugune a cikin lakar, zaninta sharkaf, hannunta biyu a cikin riga. Ta buɗe kaɗan na ga 'yan shilan manne da ƙirjinta.

"Manyan fa?"

Ta nuna da haɓa. Can nesa, a kan eriyar wani dogon bene, abubuwa huɗu sun takure a cikin ruwa. Benen kuwa ya fi kusa da hasumiyar Ammu Fathi fiye da mu.

Na ce, "Wannan ba tashi ba ne, Lami. Gudun hijira ne, hukuncinsu daban."

Ba ta yi dariya ba.

Ummu Sabri ta hawo da tsintsiya da niyyar ta cinye ni ɗanye. Da ta ga abin da ke ƙirjin Lami sai ta jingine tsintsiyar. Ta sauka ta dawo da kwandon kaba da tsumma da wake jiƙaƙƙe. Ta zauna a ƙasa, ta ɗebi waken ta sa a bakinta, ta kama ɗan shila ta cusa bakinsa tsakanin leɓɓanta. Sai ga shi yana karkaɗa fiffike yana zuƙa. Haka matan ƙauyensu suke ɗura wa marayun tantabaru. Ta miƙa wa Lami ɗayan, "Yalla, ya binti." Babu Hausa, babu Larabci, amma suka fahimci juna fiye da yadda na taɓa fahimtar malamaina.

Washegari da safe Lami ta tsare ni. "Malam, kai da ka yi karatu. In na sa wake a baki da rana don in ba su, azumina fa?"

Na gyara zaman hula. Shekaru ina jiran a yi min fatawa. Na ce a iya inda na tsaya, babin bai kawo kan tantabara ba, amma an yi maganar uwa mai tauna wa jariri: ba a so, sai in ba makawa, kuma kada a haɗiye. Ta ce, "Da yunwar nan, kai dai ka yi min addu'a." Na sha ganinta da wake a baki, hawayen yunwa a ido, tana ɗura wa 'yan shila, ta gama ta kurkure baki ta tofar. Ko ƙwaya ba ta wuce ba. Na shaida.

Ruwa ya ɗauke, sanyi ya ninka. Manyan suka ƙi dawowa. Da la'asar in sa jallabiya in yi fito har leɓena ya tsage, su taso su zagayo, su ga tulin laka inda gidansu yake, su koma kan eriya. Kullum kuma suna ƙara matsawa kusa da garken Ammu Fathi. Na ga Nahawu da idona ya bi su zagaye guda kafin ya ware. Mutumin kirki ne Ammu Fathi, amma al'ada al'ada ce, tarunsa na kama baƙin tantabaru a ɗane yake.

Ranar da na ga haka, da muka sha ruwa na ce mata, "Lami, magana magana ce. Sun tashi. In Kawu ya zo ba zan tare ki ba." Na so in ƙara da wani abin dariya, ban samu ba. Ta ci gaba da juya cokali a kofin shayin da babu sukari a ciki.

Kashegari mai shago ya sallame ni da wuri don babu kaya. Ina hawa bene sai na ji fito. Fito mara daɗi, rabi iska rabi tofi, kamar buta ta fara tafasa. Na tsaya a bayan ƙofar saman na leƙa.

Wani mutum ne tsaye da jallabiyata, tana jan ƙasa, da hular sanyina har gira, yana kaɗa gwangwanin tsaba. Lami ce. Lamin da ta taɓa ce min a gidansu in mace ta yi fito sai an wanke mata baki. Ta kafa fasasshen tulun nan a kan bulo, bakinsa gabas, ta sa 'yan shilan a ciki. Ashe tun safe ta hana su abinci da gangan, suna ta tsiwa, kukansu har titi. A gefe ga kasko da ruwa ja-ja-ja. Na gane shi. Jar kanwarta ce da ta zo da ita daga gida, guntun ƙarshe, wanda ko ni ba ta bari in taɓa. A garinmu an ce tantabarar da ta sha ruwan kanwar gida ba ta mantawa da gidan.

Ammu Fathi ya saki garkensa. Sama ta cika da fiffike, nawa huɗu suka tashi suka shige tsakiya, na kasa bambance su. Tuta tana kaɗawa can, gwangwani yana kaɗawa nan. Suka zagaya, suka sake zagayawa, garken ya fara yin ƙasa wajen hasumiya. Lami ta daina fiton, ta ɗaga murya da Hausa tsantsa: "Kai Nahawu, mara kunya! 'Ya'yanka ne ke kuka!"

Ban ce ya ji Hausa ba. Ni dai na ga ɗigo ɗaya ya ware. Ya zo ya sauka a kan tanki, ya karkata kai, ya yi tafiyar nan tasa ta masu kuɗi a kan katanga, sannan ya faɗa cikin tulun. Kukan 'yan shilan ya canja. Matarsa ta biyo shi. Sauran biyun suka sauka a bakin kaskon kanwa suka tsoma baki, ba su ɗago ba sai da suka ƙoshi. Daga can Ammu Fathi ya sauke tutarsa ya ɗaga wa mai jallabiyar hannu yana taya murna, "Mabruk, ya Shehi!" Wai ni.

Na tura ƙofa. Ta juyo, hula har ido.

"Sannu da aiki, Malam Sule," na ce.

"Shanya na zo kwashewa."

Na dubi igiya. Ko ƙyalle babu.

"Da rigata?"

"Sanyi ake yi."

"Fiton fa?"

"Wane fito? Kai dai yunwa ta fara taɓa maka kunne. Matsa, miyata za ta ƙone."

Ummu Sabri ta ba mu wata tsohuwar ƙofar kabad da akwatunan lemo, na haɗa musu ɗaki kafin Sallah. Leda kuwa na rufa masa har ninki uku, ba don na yarda na yi kuskure ba, sai don na gane saman garin nan ba ta da tarbiyya. Kawu ya zo bayan Sallah da dabino da zamzam. Ya ci abinci, ya dubi ɗakinmu, ya dubi 'yarsa, ya ce, "To Lami, an ce za ki bi ni. Ina kayanki?"

Ta ce, "Kawu, tantabarun ba su tashi ba tukuna. In sun tashi zan aiko."

Ummu Sabri ta rasu, Allah ya ji ƙanta, da hannun Lami aka yi mata wanka. 'Ya'yanmu a saman nan suka yi rarrafe cikin jikokin Nahawu. Larabcin Lami yanzu in tana ciniki a kasuwa sai in koma gefe in yi kamar ban san ta ba. Amma har yau ba ta taɓa buɗe baki ta ce ta zauna ba. In muka yi faɗa sai ta ce in jira tantabarun nan su tashi in gani.

Ɗazu da ruwan ya tsagaita na lallaɓa na duba su, gwiwa tana ƙara. Duk suna nan, a bushe, suna gurnani. A kusurwa na ga kasko, ruwan ciki ja-ja-ja, sabon zubi. Duk ɗalibin da zai taho daga gida, saƙonta ɗaya ne, jar kanwa, wai don miyar kuka. Na dawo na ce, "Hajiya, wa ya sa wa tantabaru kanwa?"

Ta ce, "Ka wanke hannu, an kusa buga igwa."